Kifi Mai Kwana da Gefe Guda

Jiya matar ɗana ta dawo daga kasuwa da baƙar leda tana ɗigar ruwa, ta zazzage kifin a roba, ƙanƙara na narkewa a jikinsu. Yanzu a Salaga akwai shagon sanyi inda ake sauke kwalaye daga bakin teku, kifin da bai taɓa jin sunan garinmu ba ya zo ya kwanta a tukunyarmu. Ina zaune a gefe ina tsintar shinkafa, sai idona ya faɗa kan wani ɗan ƙarami cikin waɗanda aka yi mata gyara da su. Faifan ya kusa suɓuce mini.

Ta ce, “Mma, lafiya? Ko ya lalace ne?”

Na ce bai lalace ba. Ta ɗaga shi da wutsiya tana dariya, ta juyo da jaririn da ke bayanta, ɗanta na fari, ta kira shi da sunansa gatsau a gabana, ta ce ya kalli mummunan kifi, ta sumbace shi a goshi. Zamaninsu ne. Amma shinkafar nan ban ƙarasa tsintarta ba.

Ba haka na sami garin nan ba. Da aka kawo ni daga Yendi, abin da ke tashin mutum da asuba ba ƙarar babur ba ce, ƙarar guga ce tana bugun bakin rijiya, don Salaga garin rijiyoyi ne, kowane lungu da tasa. Daga nan sai tabarya ta ɗauka, wannan gida ya amsa wa wancan, mai sakwara daban, mai dakan dawa daban, har kana iya gane wadda ta kwana da fushi daga yadda tabaryarta ke sauka. Mai koko tana kira a bayan katanga, awaki suna neman ɓawon doya, tsofaffi suna tari a zaure kafin su ce a kawo goro. Gidan mijina jikokin fataken goro ne, kuma na lura da wani abu: wanda ya baro gida da nisa ya fi na gida riƙe al'ada, kamar yana tsoron in ya saki hannu ɗaya duka za ta tafi. A gidanmu na Yendi ubana malami ne, allo da tawada muka sani. A nan kuwa komai da dokarsa, daga yadda ake durƙusa wa suruka har yadda ake kallon ɗan fari, wato yadda ba a kallonsa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. In ya faɗi ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Alkunya ke nan, kuma a wancan lokaci macen da ba ta da ita ba ta da komai.

Surukata, wadda muke ce wa Mma kamar yadda ake ce mini yau, bandar kifi take sayarwa. Daga Makango take sarowa, bakin babban ruwa inda jirgin fito ke ƙetarawa Yeji. Mace ce mai ƙarancin magana, in za ta yi faɗa sai ta ɗauko daga sana'arta. Kullum in ta tarar na bar tuwo ya kama, sai ta ce, “Kifin da ba a juya ba, gefe guda yake ƙonewa,” ta wuce abinta. Amma ba ita ke da gidan ba. Mai gidan ita ce Gwaggo, yayar uban mijina, wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu. Ta haifi 'ya'ya da yawa, ta binne su duka suna ƙanana, ta saura da carbi da ido mai kaifi. Ba wanda ke ƙetare maganarta, har mazan.

Ina amarya Mma takan tafi da ni Makango in riƙe mata kwando. Ina son zuwa. Ga busassun itatuwa tsaye a tsakiyar ruwa tun daga lokacin da ruwan ya cinye daji, ga hayaƙin murhunan banda yana shiga ido, ga shanu da buhunan doya suna jiran fito. Ni mai yawan kallo ce, tun ina yarinya ake mini faɗa a kai. A can na lura cewa duk sa'ar da jirgin fito ya yi ƙaho ya doso gaɓa, mata masu wanki sukan janye robobinsu sama da sauri, don igiyar ruwan da yake turowa tana hawa gaɓa da nisa, ta ja duk abin da ta samu. In ta koma takan bar layi na ciyawa da ɓawon kifi da ƙirare a kan yashi. Ƙasa da layin na ruwa ne, sama da shi na mutane.

Wadda Mma ke saye a wurinta wata mata ce daga cikin masuntan da suka hauro daga bakin teku, wajen Keta. Dabi muke ce mata. Ƙatuwa ce, baƙa wuluk, hannunta duk tabon wuta, Hausarta kuma ba ta san mace da namiji ba, kowa “kai” ne a wurinta.

Da na sami ciki laulayi ya kwantar da ni, ko ruwa na sha sai ya dawo. Ran wata kasuwa Dabi ta kawo wa Mma kaya har gida, ta gan ni a bakin ƙofa kamar tsumma.

“Amarya, ka rame kamar sandan tuƙin kwalekwale. Zo ka ga abin da 'yar'uwana ya aiko daga gida.”

Ta kwance wata takardar siminti. Wasu ƙananan busassun kifaye ne masu gishiri, irin da ban taɓa gani ba. Kowanne bai fi tafin hannuna ba, faffaɗa, siriri kamar ganyen kuka. Bayansa kalar jiƙaƙƙen yashi da ɗigo-ɗigo, yana da kaushi kamar harshen kyanwa, cikinsa kuwa fari tas kamar feraren rogo. Geza ta kewaye shi tun daga kai har wutsiya kamar bakin tabarma. Bakin a karkace. Idanun kuwa, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar dawa, su biyun a gefe guda suke, ɗaya na leƙen ɗaya. Na juya shi, ɗaya gefen ba ido, ba komai.

Na ce, “Dabi, wa ya taka shi?”

Ta yi dariya har da dukan cinya. “Mu ne! Da ƙafa ake kama shi. A garinmu, inda kogi ya shiga teku, ruwa rabi daɗi rabi gishiri, can yake zama. Ba ya zuwa zurfi. Yana kwanciya a ƙasa, ya girgiza jiki, yashi ya rufe shi, ido kawai a waje. In teku ya janye da safe sai mu shiga, ruwa iya gwiwa, muna ja da ƙafa. Ka ji abu ya motsa ƙarƙashin ƙafa, ka danne, ka sa hannu.”

“Haka ake haifarsa, a karkace?”

“A'a. Tsofaffinmu sun ce yana ƙarami tsaye yake yawo kamar kowane kifi, ido nan, ido nan. Sai ya fara kwanciya gefe guda, kullum gefe guda. Ido na ƙasa ya gaji da cin yashi, ya tashi ya zagayo ya sami ɗan'uwansa.”

Na yi dariya ranar. Na gasa biyu a gawayi na ci da koko, kuma shi ne abu na farko da ya zauna a cikina. Na yi ta ci a ɓoye ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen na ji tausayin cinye shi, na nannaɗe shi na sa a ƙasan wata kwalla cikin jeren ɗakina, na manta.

Bisa al'ada haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Amma daminar shekarar ta cinye hanyar Yendi, motoci suka daina bi, aka ce in haihu a nan. Da na haihu a gida, da akwai ɗakin da zan rufe ƙofa in kalli ɗana yadda nake so. A nan kuwa ɗakina bai taɓa rabuwa da dangin miji ba. Ungozomar da ke gasa kan jarirai da ruwan zafi da man kaɗe ta zo kwanakin farko, sai ciwo ya kwantar da ita, ba a nemo wata ba. Aka yi suna, mijina ya tafi Bawku sarin albasa da raguna, tafiyar da ba ta da ranar dawowa. Ni kuwa, don kada a ce ba ni da kunya, sai na riƙa kwantar da yaron a bayana, tsakanina da bango, in juya masa baya. Masu barka su shigo su yaba: “Wannan yarinya an yi mata tarbiyya, ko kallonsa ba ta yi.” Ina jin numfashinsa a bayana, ɗan dumi, yana neman ƙamshin nono.

Ina kallonsa mana. Da hantsi in kowa ya fita tsakar gida sai in juyo in ƙare masa kallo kamar ɓarauniya. Shi ya sa ni na fara gani. Kullum fuskarsa dama take kallo. In na juyar da ita hagu sai ya yi ƙara, ta koma kamar an ɗaura mata igiya. Sannu a hankali ƙeyarsa ta wajen dama ta fara shafewa, kunnen wajen ya matso gaba, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Sai maganar Dabi ta dawo mini, kalma bayan kalma. Tsaye ake haifarsa, lafiya lau. Sai ya fara kwanciya gefe guda. Na daina barci, na daina cin kunun kanwa. Kowace safiya sai in auna tsakanin idonsa da hancinsa da yatsana, in ga ko idon ya fara tafiya. Kuma wa zan gaya wa? Ta yaya uwar ɗan fari za ta buɗe baki ta ce na duba fuskarsa?

Gwaggo ce ta gani wajen wanka. Ta juya kan, ya tsala ihu, ya koma. Ta sake, ya koma. Ta miƙo mini shi. Amma daga ranar mata suka fara shigowa biyu-biyu, su leƙa shi, su fita suna magana ƙasa-ƙasa.

Ranar arba'in aka fitar da kayan ɗakina don a share a wanke. Ina tsakar gida na ji Gwaggo ta kira ni da muryar da ban taɓa ji ba. Tana tsaye, kwalla a hannu ɗaya, kifin a ɗaya.

“Mene ne wannan?”

Na ce kifi ne.

“Na ce miki kaza ce? Kin ci shi da ciki?”

Na sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki, muka bi ta, ta ɗora kifin a kan zanen yaron daidai fuskarsa. Ga baki a karkace, ga fuska a karkace. Wata maƙwabciya ta yi salati ta fita da baya.

Gwaggo ta ce, “Ɗan ruwa ne. Ta cinye nasu, sun shigo sun zauna a cikinta.”

Duk mun san abin da ake nufi. Akan ce wani jaririn ba mutum ba ne, na ruwa ne ya ari ciki. Akan kai shi bakin kogi a ajiye, a juya baya. In ɗan mutum ne a dawo a same shi. In ba shi ba ne, sai ya koma wurin danginsa.

Mma ta ce a hankali, “Yaya, da an bari ubansa ya dawo daga Bawku.”

“In ya dawo ya yi me? Ya tsaya yana kallo abin ya yi ƙarfi? Ni na san abin da ake ji in an riƙe wanda ba naka ba. Zai tsotse ta, ya toshe mata haihuwa, ya ci na bayansa. In ɗanmu ne, me ruwa zai yi masa? Ki gaya mini, me kike tsoro?”

Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni. Na tuna ubana a Yendi, na san da ya ji da ya ce wannan shirka ce tsagwaronta. To wa zan aika, ta wace hanya, in ce masa me? Kuma, in faɗi gaskiya, akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa, in fa gaskiya ne? Ai ni na ci kifin. Ni na ji labarinsa.

Da safe muka hau motar Makango, ni da Mma da Gwaggo. Mma ce ta goya shi, don ba a ganin ɗan fari a bayan uwarsa a bainar jama'a. Ni an tafi da ni ne saboda nono. Ina zaune a bencin baya ina kallon ɗan kansa yana rangaji a duk ramin da motar ta faɗa, fuskar tana dama. Haka muka tafi har muka fara jin ƙaurin banda.

Mai maganin da Gwaggo ta aika wa yana jiranmu. An ce daga wajen Kulungugu ya fito. Na zaci zan ga mai layu da jajayen idanu, sai na ga ɗan siririn dattijo da wankakkiyar riga, muryarsa a sanyaye, har yana ce mini “'yata”. Wannan ya fi ba ni tsoro. Ya wuce da mu bayan murhunan banda, muka gangara wani lungu na gaɓa da ba kowa, ba nisa da inda jirgi ke tsayawa amma ciyawa ta kare. Ya shimfiɗa sabuwar 'yar tabarma kusa da ruwa, ya ɗora farin ƙyalle, ya jera ƙwai da dunƙulen gumba. Ya karɓi yaron daga bayan Mma ya kwantar. Fuskar ta juya dama, dama kuwa ruwa ne.

Ya ce, “Kun gani? Gida yake kallo.”

Gwaggo ta ja numfashi. Mma ta rufe baki da mayafi.

“Yanzu ku hau sama, ku ba shi baya. Kada wadda ta waiwaya, kada wadda ta kira shi, sai na ce. Musamman uwar. In ta kira shi ta ɗaure shi tsakanin gida biyu.”

Muka juya muka fara hawa. Nono ya tsattsafo ya jiƙa mini riga. Kaina na ƙasa, don haka na ga abin da na taka. Ciyawa ce busasshiya, da ɓawon kifi, da ƙirare, sun yi layi a kan yashi. Na ƙetare shi da ƙafata. Sai da na yi gaba kaɗan abin ya faɗo mini: in yanzu na ƙetare layin, to tabarmar tana ƙasa da shi. Yashin da aka kwantar da ɗana a kai baƙi ne, jiƙaƙƙe. Ban sani ba ko dattijon ya san lokacin jirgi, ko bai sani ba. Allah ne masani, ban taɓa ɗora masa abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne muna tsayawa, bayanmu na ruwa, sai ƙaho ya tashi, dogo, mai kauri. Can gefe na ji mata suna kiran juna, robobi suna ƙara a kan tsakuwa ana janye su.

Gwaggo ta riga ta ji jikina ya motsa. Ta damƙe wuyan hannuna, hannunta kamar ƙarfe.

“Ki tsaya. Kada ki kunyata mu, 'yar malam.”

Yaron ya fara kuka. Ba kukan yunwa ba ne, na san kukansa duka, na koye su da baya. Injin jirgin ya canja murya, alamar ya doso gaɓa. Na ce, “Gwaggo, igiyar ruwa.” Ta ce, “In nasu ne ai dole su zo.” Na dubi Mma, idonta a rufe, leɓɓanta na motsi.

Ban san sa'ar da na fizge ba. Na dai ji wata murya ta tsaga wurin tana kiran sunan ɗana, sunansa na yanka, cikakke, kuma muryata ce. Na gangara da gudu, mayafi ya tafi, ɗankwali ya tafi. Igiya ta farko ta riga ta lashi bakin tabarmar ta koma. Ta biyun tana tahowa, ta fi ta girma, mai launin ƙasa da kumfa a kai. Na faɗa a gwiwa na sure shi, ruwa ya buge ni har cinya. Da na miƙe tabarmar ta ɗaga tana juyawa, ƙwai suna gangarawa, farin ƙyallen ya yi gaba kamar wani ya ja shi da hannu. Duk inda yaron yake kwance ruwa ne.

Gwaggo ta iso tana haki. “Kun gani! Kun gani da idonku! Sun zo ɗaukarsa ta hana!”

“Wa ya zo ɗaukan wa?”

Dabi ce. Ihuna ya fito da ita daga wurin murhu, wuƙar gyaran kifi a hannunta, mata biyar ko shida a bayanta. Ta dubi tabarmar da ke tafiya, ta dube ni, ta dubi dattijon.

“Ruwan nan kullum yana zuwa in jirgi ya zo. Jiya ya ɗauki takalmin mijina. Shi ma ɗan ruwa ne?”

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Gwaggo ta kwance bakin zaninta ta fito da kifin, ta miƙa shi har hancin Dabi.

“Ke kika ba ta wannan. Dubi fuskarsa, ki dubi ta yaron.”

“Ni na ba shi. Ni na ci, uwana ya ci, kakana ya ci, duk da ciki. Zo gida ka ƙirga idon yarana. Kuma Hajiya, wannan kifi bai san ruwan nan ba. Ɗan gishiri ne. Kawo shi da rai ka sa a nan, kafin ka sha koko ya mutu. In yaron ɗansa ne, kun kawo shi gidan da ba nasu ba. Ku hau mota ku je Keta.”

Dattijon ya ce a sanyaye, “Ruwa duk ɗaya ne, uwar gida. A sake shimfiɗa, uwar ta ɓata na farko.”

Gwaggo ta miƙo hannu. “Kawo shi.”

Na dubi Mma, don ita ce uwar ubansa, in ta ce a miƙa ban san abin da zan yi ba. Yaron ya lafe a ƙirjina yana shessheƙa, a gaban surukaina, kaina ba ɗankwali. Kunyar da zan ji na riga na zubar da ita a ruwa. Sai na ji ina magana.

“Mma, ba ruwa yake kallo ba. A ɗaki ni ce a damansa. Hagunsa bango ne. Tun da aka haife shi bayana yake kallo.”

Na hau sama da layin ciyawar, inda yashi ya bushe, na shimfiɗa mayafin da wata ta tsinto mini. Na kwantar da shi, amma na sa kansa inda ƙafafunsa suke ɗazu. Fuskar ta juya dama kamar kullum. Dama kuwa yanzu tudu ne, da hayaƙi, da murhunan banda. Ruwa na bayansa, ko waiwayarsa bai yi ba.

Dabi ta riƙe ƙugu. “To, Baba. Yanzu kuma ɗan murhu ne?”

Wannan karon dariya ta ɓarke, ba wadda ta toshe baki. Dattijon ya kakkaɓe rigarsa, ya ce shi ba ya aiki cikin hayaniya, ya bi gaɓa ya tafi. Mma ta durƙusa a gaban yaron. Ta sa hannu ta shafa ƙeyar da ta shafe, ta bi wuyan da yatsa har ta tsaya a kan wata jijiya da ta ɗaure tamau. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, kamar da kanta take, “Kifin da ba a juya ba.” Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙe, ta kwance majanyin da ta goyo shi da shi, ta miƙo mini.

“Goya ɗanki.”

Gwaggo ta ce, “A gabanmu fa ta kira sunansa. Kin ji ta.”

Mma ta ce, “Na ji, Yaya. Iskar bakin ruwa ta tafi da shi.”

Da muka koma gida, kafin ta cire mayafi, Mma ta sa aka janye gadona daga jikin bango. Ta ce daga yau in kwana ta hagunsa, in ba shi nono ta inda ba ya so, ko zai yi kuka. Safe da yamma takan dumama man kaɗe ta murza wuyan, tana ja a hankali, yana ihu, ni ina riƙe da ƙafafunsa ina kuka tare da shi, ba mai cewa na yi rashin kunya. Ba a kwana ɗaya ya saki ba. Amma kafin ya fara zama, wata rana zakara ya yi cara ta hagunsa, ya juya ya kalle shi. Daga baya a wurin awo malamar asibiti ta taɓa wuyan ta ce mu ci gaba da abin da muke yi. Mijina ya dawo daga Bawku ya tarar da gado a tsakiyar ɗaki, ya tambaya, uwarsa ta ce kyankyasai ne a bango. Gwaggo ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, sai dai yaron yana fara tafiya ita ce mai ɓoye masa tsokar nama a gefen kwanonta. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba. Wanda ya binne nasa duka, tsoro ne ya rage masa.

Yau ɗan nan shi ne mai gidan da nake ciki. Kunnensa na dama har yanzu ya ɗan fi na hagu matsowa gaba, hularsa ba ta taɓa zama daidai ba, abokansa suna ce masa gaye yake yi. Tun ranar Makango ban sake kiran sunansa ba. “Kai wannan” nake ce masa, yana amsawa. Sau ɗaya na buƙaci sunan, na same shi a bakina.

Jiya da matarsa ta ɗora mai a wuta, ta kwantar da jaririn a tabarma kusa da ni ta koma madafa. Ya yi barci fuskarsa tana kallon ƙofa, inda muryar uwarsa ke fitowa. Na ajiye faifan, na kama bakin tabarmar, na juya ta a hankali, kai ya koma inda ƙafa take. Ta leƙo ta gan ni.

“Mma, ni fa ban gane ba. Kullum na kwantar da shi sai kin juya shi. Me ya sa?”

Na ce, “Je ki juya kifinki, yana ƙonewa.”